Awon Hannun Inna Tabawa

Bazara ta sauka Tawa ba sallama.
Tabkin Babaye ya ja da baya,
lakar bakinsa ta tsage kamar diddigen manomi.
An ɗauke kuran tun azahar,
fanka ta tsaya cik tana kallonmu.

Na ɗauko ragowar littafin lakwal
na zauna gaban Inna Tabawa, gindin bedi,
na ce, Inna, faɗa mini in rubuta.
Ta ce, rubuta mi? Zafi bai san karatu ba.
Amma ta gyara zama.

Barira ce ta fara zuwa tana susa,
ƙuraje sun fesa mata a baya
kamar an watsa wa kaji gero.
Inna ta miƙa hannu sama ta tsinko ganye,
ta ce a tafasa, a bari ya huce sarai,
a kwarara mata, ban da soso,
kuma a cire rigar lailon ɗin nan
da ubanta ya aiko daga Abijan.

Nomau ya shigo da haɓo, kansa a ɗage.
Ta daka masa tsawa: sunkuya!
Jini hura ne da za ka haɗiye?
Ta matse masa hanci da yatsa biyu,
ta tsoma gefen zanenta a randa
ta ɗora masa a goshi,
tana ba shi labarin jakin da ya ƙi rijiya
har jinin ya gaji ya tsaya.

Tsamiya, ta ce, a jiƙa ta tun dare,
da safe ta saki jikinta.
Garin ƴaƴan kuka a dama da nono.
Tafin ƙafa in yana raɗaɗi, lalle,
ko namiji ne, ya sa, ya ɓoye cikin takalmi.
Cikin yaro in ya tsinke,
ruwan da ya tafasa, sukari, tsunkulen gishiri,
kurɓi kurɓi, kada a gaji da ba shi,
sabara ta biyo baya.

Na ce, tsamiyar kamar nawa?
Ta ce, cikin hannu.
Na ce, hannun wa?
Ta dube ni kamar na tambayi nauyin inuwa.

Wani dare muna shimfiɗe a tsakar gida,
iska ta yi rowa,
sai ga Hasiya daga Bilbis da Ilu a goye,
ƙwarya a hannu, tana roƙon sassaƙe.
Inna ta taɓa jikinsa, wuta.
Ta tallafi ƙeyarsa za ta lanƙwasa,
wuyan ya ƙi, kamar taɓarya.
Ban taɓa jin muryarta haka ba:
aje ƙwaryar nan.
Wannan ba na tukunyata ba ne.
A tada mai babur, likita, yanzu!
Ita ta riƙe fitila har suka sha kwana.

Ilu ya dawo bayan kwana tara,
kunnensa na hagu ya yi nauyi,
amma ga shi can yana buga ƙwallo.
Wannan ma na rubuta, na ja masa layi biyu.

Inna ta tafi da damina,
gero yana fitar da kai.

Yau bazara ta dawo da halinta.
Na buɗe littafin, tawada ta koɗe,
gumin bara ya bar taswira a shafi.
Cikin hannu, in ji shi.
Na debi tsamiya da nawa hannun,
na ƙara, na rage, na sake ƙarawa.

Da safe Barira ta kurɓa,
ta yamutsa fuska,
ta ce, wannan ba irin na Inna ba ne.
Sannan ta kafa kai ta shanye,
ta miƙo mini kofin, ta ce, saura na Nomau.